Hanyar Ƙaura Zuwa Shinkafi: Hukuncin Yawon Buɗe Ido A Lokacin Da Aminci Ya Yi Ƙaranci

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin birni da ƙauye, Majiɓincin mazauni da matafiyi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, duk lokacin da makarantu suka yi hutu, ko aka kammala hidimar Sallah, akwai wata tambaya da takan yawaita a bakin samari da ɗalibai: shin ya halatta abokai su haɗa kuɗin mai, su shiga mota, su nausa cikin karkara domin kallon ƙasa kawai, alhali babu fatauci, babu jinya, babu ɗaurin aure? A wasu sassan duniya amsar ba ta wuce layi biyu. A arewacin Zamfara kuwa, tambayar tana da jela, domin mai yin ta yakan ƙara da cewa: ko da hanyar ita ce wadda ta tashi daga Ƙaura Namoda ta nufi Shinkafi, ko wadda ta karkata zuwa Zurmi? A nan amsa takan yi nauyi, domin rayukan 'ya'yan mutane ne a kan sikeli. Za mu duba asalin hukuncin, da abin da ke kan wannan hanya da ya cancanci a je a gani, sannan da abin da shari'a ta ce idan hanya ta daina zama amintacciya.

Asalin Hukunci

Tafiya a bayan ƙasa domin lura abu ne da Alƙur'ani ya yi kira zuwa gare shi a wurare da yawa. Ɗalibi zai iya duba Suratu Ali Imrana aya ta 137, da Suratul An'am aya ta 11, da Suratul Ankabut aya ta 20, da Suratur Rum aya ta 42. Wanda ya jera waɗannan ayoyi zai ga kallo iri biyu ake nema daga matafiyi. Na farko shi ne kallon halitta, yadda Allah Ya fare ta, domin zuciya ta gane cewa wanda Ya fara Shi ne mai iko Ya maimaita. Na biyu shi ne kallon ƙarshen al'ummomin da suka gabata, domin mai rai ya ɗauki darasi daga kufai. Suratul Hajji aya ta 46 kuma ta ja kunne cewa makantar da ake jin tsoro ita ce ta zuciya. Mutum zai iya cinye kilomita ɗari biyu idonsa biyu, ya dawo da hotuna cike da waya, amma bai ga komai ba.

Malaman fiƙihu sun ce tafiya tana ɗaukar hukuncin abin da aka yi ta dominsa. Tafiyar Hajjin farilla wajibi ce ga mai iko. Tafiyar neman ilimi da sada zumunci abin so ce, takan kai matsayin wajibi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda cur domin jin hadisi ɗaya tak daga Abdullahi ɗan Unaisu. Tafiyar fatauci halal ce. Tafiya domin saɓo haramun ce. Ita kuwa tafiyar shaƙatawa, asalinta halasci ne, domin Annabi (SAW) ya nuna wa Hanzala, a hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa zuciya tana da lokacin himma tana kuma da lokacin hutu. Idan aka haɗa shaƙatawar da niyyar lura da ayoyin Allah, ko gaishe da 'yan uwa, sai ta tashi daga halal zalla ta zama aikin lada. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ce tafiya mabuɗin ilimi, suka kuma ce gani ya kori ji.

Abin Da Ke Kan Hanyar

Bari mu bi hanyar da alƙalami, tunda alƙalami ba a tare shi. Wanda ya baro Gusau ya miƙa arewa, babban zangonsa na farko shi ne Ƙaura Namoda. Garin yana ɗauke da sunan Muhammadu Namoda, jagoran Fulanin Alibawa, ɗaya daga cikin mayaƙan da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jingina da su a ƙasar Zamfara. A wannan gari ne Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a 1891, nesa da fadarsa, abin da ke tuna wa matafiyi cewa babu ran da ya san ƙasar da zai cika a cikinta. A nan ne kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Yau layin ya daɗe da barin aiki irin na da, kuma wanda ya tsaya a tashar zai karanta wa'azi ba tare da an hau mumbari ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983 ita ce ta ci gaba da jawo baƙi daga sassan ƙasar nan.

Daga Ƙaura hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya karkata arewa maso gabas zuwa Zurmi, ya bi ta Gurbin Ɓaure ya faɗa Jibiya da Katsina. A ƙasar Zurmi ne Dutsi take, wurin da ruwayar Zamfarawa ta ce nan sarautarsu ta fara kafuwa. Ɗaya reshen ya miƙe arewa, ya ratsa Moriki ya isa Shinkafi, daga nan ya tsallaka Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato.

A ƙarshen wannan reshe na biyu akwai kufai biyu da ya kamata kowane ɗalibin tarihi ya san labarinsu. A yankin Isa ne Birnin Zamfara ya taɓa tsayawa, babban birnin daular da jiharmu ta gaji sunanta. Gobirawa sun sauko daga arewa, Zamfarawa suka ba su masauki a wurin da aka sani da Alƙalawa, wanda ruwaya ta danganta sunansa ga alƙalin Zamfara. Da baƙo ya yi ƙarfi, sai Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi wajen shekarun 1760, Alƙalawa ta zama cibiyar mulki. Ba a cika shekara 50 ba, sai rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa a ranar. Birane biyu masu ganuwa da dawaki, ga su yau sun koma tuddai da gonaki. Wannan shi ne irin kallon da ayoyin da muka ambata suke nema. Kafin duk wannan, Shehu da kansa ya share kimanin shekara biyar yana kewaya ƙasar Zamfara yana wa'azi da karantarwa, wato shi ma matafiyi ne a wannan ƙasa, kuma guzurinsa ilimi ne.

Ta fuskar halitta ma hanyar ba ta rowa. Kogin Gagare da na Bunsuru suna shayar da fadamun yankin kafin ruwansu ya shiga Rima. Da rani za ka ga gulbi ya zama rairayi, mutane suna tona shi suna ɗiban ruwa, da damina kuma ya cika ya batse har ya hana tsallakawa. Da kaka ido ba ya ganin ƙarshen gero da dawa da wake, ga rumbuna a bakin kowane ƙauye. Ga kuka da tsamiya da ɗorawa da goruba. Ga gawo, bishiyar da ke zubar da ganyenta da damina lokacin da sauran itatuwa suka yi kore shar, ta bar wa shuka hasken rana, sannan ta yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Wanda ya tsaya ƙarƙashin gawo ya yi tunani, ya sami darasin tauhidi da zai daɗe bai manta ba. A Shinkafi kuma ga kasuwar Alhamis, wadda ta shahara da raƙuma da shanu da tumaki da hatsi, inda fatake daga Nijar suke haɗuwa da masu saye daga kudancin Najeriya.

Mu da muka haura arba'in mun riski zamanin da samari za su bar Gusau bayan Asuba, su karya kumallo a Ƙaura, su yi Azahar a Shinkafi, su ci kasuwa, su dawo da dare ba tare da uwa ta kasa barci ba. Ba mu ɗauki hakan a bakin komai ba a lokacin. Ashe wata babbar ni'ima ce.

Ni'imar Da Ba A Gane Ta Sai Ta Gushe

A Suratu Saba'i aya ta 18, Allah Ya lissafa ni'imomin da Ya yi wa mutanen Saba'i na ƙasar Yaman. Daga ciki akwai cewa Ya jera musu garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Sham, kowane gari kusa da ɗan uwansa, suna tafiya dare da rana cikin aminci. Aya ta 19 kuma ta ba da labarin yadda suka raina wannan ni'ima, suka zalunci kansu, sai aka tarwatsa su suka zama abin labari. Suratu Ƙuraishin ma ta haɗa tafiyar hunturu da ta bazara da ni'ima biyu: ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro. Lokacin da Annabi (SAW) ya so ya nuna wa Adiyyu ɗan Hatim yadda Musulunci zai yi ƙarfi, a hadisin da Bukhari ya ruwaito, alamar farko da ya ba shi ita ce mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah. Adiyyu ya yi mamaki a ransa saboda ya san 'yan fashin ƙabilarsa ta Ɗayyi'u, amma ya rayu har ya gani da idonsa. Ke nan amincin hanya yana cikin ma'aunan da ake auna lafiyar al'umma da su a Musulunci.

Idan muka ɗora hanyoyinmu a kan wannan ma'auni, abin da za mu gani ba ya ɓoyuwa. A watan Fabrairun 2018 an tare mota a kusa da Birane ta ƙaramar hukumar Zurmi, aka kashe mutane da dama. Ranar 1 ga Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki suka tafi da wasu ma'aikata. A watan Satumbar 2021 al'amari ya kai ga an katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙona matafiya fiye da 20 a cikin motarsu a yankin Sabon Birni. Waɗannan kaɗan ne daga abin da jaridu suka ɗauka. Abin da ya faru a lunguna, sai waɗanda suka binne nasu ne suka sani.

Kada wani ya fahimci cewa ana nufin mutanen ƙauyukan da abin ya shafa sun fi wasu zunubi. Sau da yawa su ne suka fi kowa haƙuri da riƙon salla. Fitina idan ta sauka ba ta tsayawa kan azzalumai kaɗai, kamar yadda Suratul Anfal aya ta 25 ta yi gargaɗi. Zaluncin da ya haifi wannan hali na tarayya ne: burtali da makiyaya da aka cinye, shari'un manomi da makiyayi da aka karkatar saboda abin hannu, satar shanu da aka kawar da kai daga gare ta, kisan ramuwa ba tare da alƙali ba, makamai da suka kwararo, da mutanen cikin gari masu sayar da asirin maƙwabtansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tare hanya kuwa, wanda malamai ke kira hiraba, yana cikin manyan laifukan da Allah Ya yanke wa hukunci da kanSa a Suratul Ma'ida aya ta 33, kuma zartar da wannan hukunci haƙƙin hukuma ne, ba na ɗaiɗaikun mutane ba.

To Mene Ne Hukunci A Yanzu?

Amsa ita ce: duk hanyar da mafi rinjayen zato ya nuna cewa mai bin ta zai iya rasa ransa, ko 'yancinsa, ko mutuncinsa, bai halatta a bi ta domin yawon buɗe ido ba. Dalilai a fili suke. Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana jefa kai cikin halaka, Suratun Nisa'i aya ta 71 ta yi umarni da riƙon hattara. Malamai sun sanya amincin hanya cikin ikon da ke wajabta Hajji. Idan rukunin Musulunci na biyar yana jiran hanya ta yi kyau, ina ga fita kallon fadama?

Wasu samari sukan ce ai abin da Allah Ya rubuta ba ya kuskure. Gaskiya ne, amma ba haka sahabbai suka fahimci ƙaddara ba. Lokacin da Halifa Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai labari ya zo cewa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka. Wani mutum kuma ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara.

Akwai kuma wani ɓangare da samari ba su cika lissafawa ba. Wanda aka kama a hanya ba shi kaɗai ne aka kama ba. Uba zai sayar da gonar gado, uwa za ta sayar da awakinta, dangi za su shiga bashi, sannan kuɗin fansar ya koma makami da za a tare wani da shi gobe. Mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya amsa, sai ya mayar da shi gare su. Saboda haka idan uwa ta ce kada a tafi, magana ta ƙare, ko da abokai sun riga sun sha mai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wajibi ne a bambanta tsakanin mai nishaɗi da mai buƙata. Ɗan kasuwar da abincin iyalinsa ke kan wannan hanya, da mai kai mara lafiya asibiti, da ma'aikaci, da ɗalibin da zai koma makaranta, ba a ce musu su zauna ba. Su nasu shi ne su yi iyakar hattara, su bi lokacin da jama'a ke bi, su shiga ayari ko rakiyar jami'an tsaro idan akwai, su yi addu'a, su dogara ga Allah. Hukuncin kuma yana juyawa tare da hali: hanyar da ta yi kyau a wannan wata tana iya ɓaci a wata mai zuwa, wadda ta ɓaci tana iya gyaruwa. Masu ba da shaida a kan haka su ne direbobin tasha da ke bin ta kullum, da mazauna garuruwan, da jami'an tsaro. Hoton da wani ya sa a Facebook yana murmushi a bakin gada ba hujja ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Ladubban Fita Idan Hanya Ta Aminta

Ga waɗanda suke da amintacciyar hanya a wani yanki, da mu kanmu ranar da Allah Ya dawo mana da tamu, ga abin da Sunna ta tanada.

A zaɓi abokan tafiya masu tuna wa juna salla. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ƙyamaci tafiyar mutum ɗaya ko biyu, ya nuna cewa uku su ne ayari. Idan an kai uku a naɗa ɗaya shugaba, shi zai yanke lokacin tashi da wurin tsayawa bayan shawara, domin yawancin ɓacin ran tafiya daga rashin jagora yake tasowa. A sanar da iyali inda aka nufa da lokacin dawowa. A yi sammako, domin Annabi (SAW) ya yi wa safiyar al'ummarsa addu'ar albarka, kuma ya kasance yana son fita ranar Alhamis. A karanta addu'ar hawa abin hawa, a yi kabbara a hawan tudu, a yi tasbihi a gangare, a yawaita roƙo, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake karɓa.

Game da salla, mazhabar Malikiyya ta sanya nisan ƙasaru baridi huɗu, wato mil 48 na da, wanda ya kama kilomita 80 da 'yan kai, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa ban da dawowa. Saboda haka wanda ya tashi daga Gusau zuwa Shinkafi ya haura wannan nisa, wanda ya tashi daga Ƙaura zuwa Zurmi kuwa bai kai ba. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri zai cika sallarsa. Wani abin lura ga ɗalibai shi ne, malaman Malikiyya sun karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa wasa ce zalla, sun kuma hana shi ga mai tafiyar saɓo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa niyya tana shiga har cikin adadin raka'o'i. Haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, sun halatta shi ga matafiyin tudu ko da tafiyar ba ta kai nisan ƙasaru ba. Ranar Juma'a kuwa, makaruhi ne wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya fita bayan alfijir, haramun ne bayan rana ta karkata, sai fa idan zai riske ta a hanya.

Direba amana ke hannunsa. Gudun ganganci, da lodin da ya wuce kima, da tuƙi cikin gyangyaɗi, da danna waya a kan sitiyari, duk cin amana ne, kuma ran da ya salwanta ta wannan hanya akwai tambaya a kansa. Mace kuma ta yi tafiya da mijinta ko muharraminta, kuma ya kyautu magidanta su riƙa fita da iyalansu, kada kallon ƙasa ya zama rabon maza kaɗai.

Karkara gidan mutane ce. A yi sallama, a runtse ido a bakin rijiya da rafi, kada a ratsa gona da mota, kada a tsinki abin da ba a ba ka ba, kada a yi bahaya a kan hanya ko a inuwar da mutane ke hutawa, domin hadisi ya nuna hakan yana jawo tsinuwa. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, balle a mai da talaucin bayin Allah abin nishaɗi a intanet. A saya daga hannun mai tallar fura da gyaɗa ba tare da matse ta a ciniki ba. Kada kuma a riƙa sanar da duniya inda ake a daidai lokacin da ake wurin, domin ba masoyi kaɗai ke duba waya ba.

Idan an isa kufai ko maƙabarta, a shiga da nutsuwa. Lokacin da Annabi (SAW) ya ratsa Hijir, gidajen Samudawa, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Wancan wurin azaba ne, kufan ƙasarmu ba haka suke ba, amma ladabin ya nuna cewa wurin wa'azi ba dandalin shewa ba ne. Ziyarar ƙabari domin tuna lahira da yi wa mamaci addu'a Sunna ce. Malamai sun yi saɓani kan ɗaura kaya takanas domin ziyarar ƙabari, amma babu saɓani cewa roƙon biyan buƙata ga Allah kaɗai ake yin sa.

Kada Hanyar Ta Mutu A Zukata

Jinkirta tafiya hukunci ne na lalura, kuma lalura ba a mai da ita gado. Abin tsoro shi ne a tashi da yaran da aka haifa a Gusau ko Ƙaura, asalinsu Moriki ko Badarawa ko Dutsi, amma ba su san garuruwan ba sai a labarin hari. Yaron da bai san ƙasarsa ba sai ta bakin mummunan labari ba zai yi kishin gyara ta ba. A kan haka akwai aiki a wuyan kowa.

Magidanta su zauna da 'ya'yansu su ba su labarin garuruwan kakanninsu, da sunayen unguwanni da malamai da kasuwanni. Ɗalibai su ɗauki littafi da biro su je wurin tsofaffin da rikici ya koro cikin gari, su rubuta abin da ke ƙirjinsu kafin ƙasa ta rufe shi. Abokan da suka tara kuɗin mai domin fita, su ɗauki rabinsa su sayi hatsi da sabulu su ziyarci 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangaye da makarantu a garinsu. Karkarar da suka so zuwa gani, ga ta ta zo ƙofar gidansu, kuma wannan ziyara ta fi waccan lada. Wanda ya sami amintacciyar hanyar zuwa Sakkwato, ya je Hubbaren Shehu da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, zai tarar da wani kaso na tarihin da muka ambata.

Wanda ke sayar wa 'yan ta'adda mai, ko abinci, ko labarin motsin matafiya, ya sani cewa yana da kaso a cikin kowane jini da aka zubar, kuma ƙofar tuba a buɗe take tun rai bai zo maƙoshi ba. Limamai su ci gaba da alƙunutu da faɗin gaskiya ga kowane ɓangare, Bahaushe ne ko Bafulatani, domin Musulmi ɗan uwan Musulmi ne, kuma ba a kama wani da laifin wani. Shugabanni kuma, tun daga mai unguwa har zuwa Abuja, su tuna cewa kowane makiyayi za a tambaye shi abin kiwonsa. Wanda ya karɓi amanar jama'a ya karɓi amanar hanyoyinsu, kuma ranar da matar aure za ta hau mota daga Zurmi zuwa Shinkafi ta je suna ta dawo ba tare da fargaba ba, ranar ce za a ce ya sauke nauyi.

Ya Allah Ka amintar da garuruwanmu da hanyoyinmu. Ka jiƙan waɗanda aka kashe, Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ka mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Ka shiryi wanda ke da rabon shiriya, Ka isar mana ga wanda ya kangare. Ka ba shugabanninmu ikon adalci, Ka sa mu zama masu godiya ga ni'imar zaman lafiya idan Ka dawo mana da ita. Allah ne Mafi sani.